Koren Dutsen Ƙanƙara Mai Zane: Yadda Za Ka Tantance Shi Kafin A Yi Ciniki

Koren dutse yakan shigo hannun mutumin Katsina ta hanyoyin da kowa ya sani. Ko dai a cikin tsarabar alhazai, an jera shi a carbi ko an ɗora shi a kan zoben azurfa, ko a ƙulle cikin leda a aljihun wani matashi da ya dawo daga ramin haƙar ma'adinai a Nasarawa, Filato ko kudancin Kaduna, ko kuma hotonsa ya faɗo a WhatsApp tare da saƙon murya cewa a yi sauri, wani ya riga ya taya. Ta duk inda ya biyo, sunan da ake fara laƙaba masa ɗaya ne: zumurrudu. Alhali mafi yawan abin da ke yawo ko dai gilashi ne aka narka, ko dutsen ƙanƙara ne, wanda 'yan harkar duwatsu ke kira kwaz.

Abin da ke ci mini rai shi ne asarar ta fuska biyu take zuwa. Wani zai sayi ƙanƙara a kuɗin zumurrudu. Wani kuma Allah zai ba shi ƙanƙara garai-garai mai koren zane a cikinta, irin wadda masu tara duwatsu ke nema ruwa a jallo, sai ya ɗauka datti ne ya shige ta, ya sa guduma ya farfasa don ya fitar da wurin da yake ganin mai tsabta. Su biyun launi kawai suka kalla. A wannan harka kuwa launi ne mafi raunin shaida. Tambayoyi uku ake bi a jere: shin ƙanƙara ce? Idan ita ce, me ya sa ta yi kore? Kuma hannun mutum ya taɓa launin ko haka Allah ya halitta ta?

Daga ina koren yake fitowa

Ƙanƙara zalla ba ta da launi. Sinadarai biyu ne suka haɗu suka samar da ita, silikon da oksijin, kuma ita ce mafi yawan abin da ke cikin yashin da muke gini da shi. Saboda haka duk inda ka gan ta kore, akwai baƙon abu da ya jawo. Sanin baƙon shi ne rabin aikin.

Akwai wadda koren ya ratsa jikinta baki ɗaya, tana garai-garai, launin kuma mai haske ne sosai, bai cika ba. Sunanta a kasuwa firasiyolait, kuma ƙarfe kaɗan da ke cikinta ne sanadi. Wadda ta fito daga ƙasa a haka ba ta da yawa ko kaɗan. An same ta a yankin Silesiya na ƙasar Folan, da Thunder Bay a Kanada, da wasu wurare a Burazil. Kusan duk wadda ake sayarwa amatis ce, wato ƙanƙara mai ruwan shunayya, aka canza mata launi. Tun wajen shekarun 1950 aka gano cewa amatis ɗin ramin Montezuma da ke jihar Minas Gerais a Burazil, idan aka gasa ta zuwa wajen digiri 500 na Salshiyas, kore take komawa maimakon rawaya da yawancin amatis ke yi. Wannan nau'i ba shi da zane, amma dole ka san shi domin shi aka fi kawowa a yanke, fuska-fuska.

Mai zanen da muke magana a kai ta bambanta. Jikin ƙanƙarar fari ne kamar ruwa, koren kuma wani ma'adini ne dabam da ya maƙale a ciki lokacin da kiristal ɗin ke girma. Wanda aka fi gani shi ne kulorait, mai kama da gansakuka ko garin ganye. Wani lokaci kiristal yakan tsaya da girma, kulorait ya sauka a kan tsininsa ya rufe shi, daga baya girman ya ci gaba, sabuwar ƙanƙara ta lulluɓe tsohuwar. Sai ka ɗaga dutsen ka ga wani koren tsini a cikin tsini, da siffa iri ɗaya da ta waje. 'Yan kasuwa fatalwa suke ce masa. Akan sami hawa biyu, uku ko fiye a dutse guda, kowane hawa shaida ce ta lokacin da girman ya tsaya. Wannan shi ne wanda na fi jin takaicin a farfasa, domin darajarsa gaba ɗaya tana cikin zamansa cikakke. Ban da kulorait akwai aktinolait, wanda ke fitowa kamar allurai ko gashi kore, da hedenbajait, wanda ya rina shahararrun korayen kiristal na tsibirin Serifos a Girka.

Sai abenturin, wanda ba kiristal ɗaya ba ne, tarin ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne da suka manne, da ɓarɓashin wani ma'adini mai sheƙi a tsakaninsu, fuksait, wanda sinadarin kuromiyam ya mayar kore. In ka juya shi a rana za ka ga ƙyalƙyali ɗigo-ɗigo daga ciki. Kudancin Indiya ne babbar mahaƙarsa.

Na ƙarshe dangin aƙiƙ ne, waɗanda ƙwayoyinsu suka yi ƙanƙanta har ido ba ya ganinsu. A ciki akwai kirisofires, mai kore shar da sinadarin nikel ya haifar, wanda ake haƙowa a Marlborough ta jihar Queensland a Ostireliya, da Szklary a Folan, da Haneti a Tanzaniya. Yana cikin mafi tsada a dangin. Akwai mitorolait na Zimbabuwe mai kuromiyam, da aƙiƙ mai rassa kore kamar tsiro a ciki, da kuma dutsen jini, kore mai duhu da ɗigon ja na tsatsar ƙarfe.

A jiharmu, kudanci da tsakiya, wajen Funtuwa, Malumfashi, Ƙanƙara da Dutsin-ma, tsofaffin duwatsu ne da jijiyoyin farar ƙanƙara suka ratsa, kuma irin duwatsun da ke shimfiɗe a yankin Malumfashi su ne irin waɗanda kulorait ke zama a cikinsu. Don haka manomin da garma ta tono masa farin dutse mai kore a ciki, ya dace ya duba kafin ya jefar a kan iyakar gona.

Kayan aiki

Ba ka buƙatar ɗakin bincike don matakan farko. Ka nemi gilashin dubawa mai ninka girman abu sau 10, da ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinariya wanda ke auna har 0.01 na giram, da tocila mai farin haske, da zare, da ƙaramin kofin roba, da farar takarda, da auduga da ruwan goge jan farce. Ka haɗa da wuƙa, da guntun gilashin taga, da guntun farar ƙanƙara wadda ka tabbatar da ita. Idan da hali, ka ƙara da tabarau irin na direbobi mai kashe ƙyallin hanya.

Tsarin da za a bi shi ne a fara da gwajin da ba ya lalata dutse, a bar mai lalatawa zuwa ƙarshe, in ma an buƙace shi.

Mataki na farko: wanke, shanya, duba a rana

Kada ka yarda ka yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen dutse. Ruwa, yawu ko ɗan mai suna cike tsagogi su ɓoye su, su kuma ƙara wa launi zurfi. Shi ya sa za ka ga mai sayarwa na yawan lasar dutse kafin ya miƙo. Ka ce masa cikin ladabi, "Alhaji, a yi mini haƙuri in wanke shi ya bushe tukuna." Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Bayan ya bushe, ka ɗora shi a farar takarda a inuwa mai haske, da hantsi ya fi. Ƙwan lantarki na shago, musamman mai shuɗi-shuɗin nan, yana canza kore.

Ka taɓa shi a kumatu ko leɓe. Ƙanƙara ta fi gilashi sanyi kuma takan daɗe kafin ta ɗauki ɗumin jiki, roba kuwa nan take take ɗumi. Amma a bazarar Katsina dutsen da ya wuni a aljihu ko a kan tebur a rana ba zai gaya maka komai ba, sai ka bar shi ya huce a ɗaki.

Mataki na biyu: siffar da ya fito da ita

Idan dutsen ɗanye ne, ba a yanka ba, siffarsa kaɗai takan warware rabin gardama. Kiristal ɗin ƙanƙara gefe shida ne da shi, yana ƙarewa da tsini, kuma a jikin gefunan akwai ƙananan layuka da suka gitta a kwance. Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan ake rarrabe ta da manyan abokan kamarta biyu. Beril, wanda zumurrudu da akwamarin suke danginsa, shi ma gefe shida ne, amma kansa yawanci a shafe yake kamar an datse, kuma in yana da layuka a tsaye suke bin tsawonsa. Tomalin kuwa in ka dubi bakinsa za ka ga kusurwa uku masu kumburi, jikinsa cike da layuka a tsaye, kuma in ka leƙa ta tsawonsa ya fi duhu sosai fiye da ta gefe. Zumurrudu na gaskiya akwai shi a Najeriya, an haƙo shi a wajen Gwantu ta jihar Kaduna da Nasarawa Eggon, don haka tambayar ba ta banza ba ce. Sai dai kama da wane ba wane ba ne.

Dubi kuma inda ya karye. Ƙanƙara ba ta tsagewa a miƙe, karayarta a lanƙwashe take, mai zobe-zobe kamar gindin kwalbar da ta fashe. Idan ka ga fuskoki a shafe sumul suna hawa-hawa, to ka yi zargin fulorait ko amazonait. Amazonait kore ne mai ɗan shuɗi da fararen layuka.

Mataki na uku: shiga cikin dutsen da gilashin dubawa

A nan ya kamata ka ɓata lokaci mafi yawa. Riƙe gilashin kusa da idonka, ka kawo dutsen kusa da shi har hoton ya fito, ka haska tocila ta gefe ko ta baya, ba ta gaba ba.

Kumfa mai zagaye sumul, ita kaɗai a tsakiyar dutse, ko kumfa masu tsawo da suka bi layi ɗaya, ko wasu layuka masu murɗewa kamar an dama abu, duk alamun gilashi ne. Sai dai a kula, ƙanƙara ta gaskiya ma takan zo da kumfa, amma tata tana zaune ne a cikin wani ɗan rami mai kusurwa da ruwa a ciki, wani lokaci har ta motsa in ka karkata dutsen. Wannan shaida ce mai kyau, ba aibi ba.

Sannan ka tambayi kanka ina koren yake zaune. Idan yana bin tsagogi kawai, ya taru ya yi duhu a cikinsu, jikin dutsen kuma fari ne, to rini ne. Yadda ake yi shi ne a gasa farar ƙanƙara a tsoma ta cikin ruwan rini mai sanyi, ta tsattsage, rinin ya shige. Sakamakon yakan yi kama da zumurrudu mai tsagogi ƙwarai, kuma da shi aka fi cutar mutane. Kulorait na asali yana da jiki, za ka ga ƙwayoyinsa ko ɓarɓashinsa, kuma yana kwance a kan fuskar da ta dace da siffar kiristal ɗin ko ya taru a gindinsa. Allurar aktinolait a miƙe take ko da ɗan lanƙwasa, kowace da farkonta da ƙarshenta. A abenturin za ka ga faya-fayai ƙanana kore masu gefe marar tsari, sun watsu ba daidai ba. Akwai gilashin da ake yi don kwaikwayonsa, shi ƙyalƙyalinsa ya fi yawa, ɓarɓashin kuma girmansu ɗaya da kusurwoyi tsaf.

Idan carbi ne ko tsakiya, ramin zare shi ne wurin tona asiri. Rini yakan taru a bakin ramin, fenti yakan ɓare a wurin, kuma in zaren ya yi kore an gama magana. Ka duba kuma ko ƙwayoyin duk zanensu iri ɗaya ne. Dutsen Allah ba ya maimaita zane ƙwaya bayan ƙwaya.

Daga nan ka jiƙa auduga da ruwan goge jan farce ka murza a wani lungu. In ta ɗauko kore, rini ne. In ba ta ɗauko ba, kada ka saki jiki, domin akwai rinin da ake yi wa aƙiƙ da gishirin kuromiyam sannan a gasa, sana'ar da garin Idar-Oberstein na Jamus ya shahara da ita, kuma wannan ba ya fita da gogewa.

Mataki na huɗu: nauyinsa a cikin ruwa

Wannan shi ne gwajin da na fi amincewa da shi a gida, kuma ba ya taɓa lafiyar dutse. Kowane ma'adini yana da adadin da ya ninka nauyin ruwa mai girmansa. Na ƙanƙara 2.65 ne, kuma da wuya ya kauce.

Auna busasshen dutsen ka rubuta. Ɗora kofi da ruwa a kan sikeli, ka danna maɓallin da ke mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da siririn zare, ka saukar da shi cikin ruwan har ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa, zaren yana hannunka ko a ɗaure a sanda. Rubuta lambar da ta fito. Sai ka raba ta farko da ta biyu. Misali, dutse ya auna giram 13.25 a bushe, a ruwa sikeli ya nuna 5.00, in ka raba za ka sami 2.65.

Kashe fanka kafin ka fara, ka kaɗe kumfar da ta manne a jikin dutsen, ka maimaita sau uku. Dutsen da bai kai giram 3 ba, kuskuren sikelin gida yakan yi yawa a kansa. Kuma ba a yin gwajin da dutsen da ke kan zobe ko wanda ke manne da wani dutse.

Abin da lambobin ke nufi: abenturin yakan faɗo tsakanin 2.64 da 2.69, dangin aƙiƙ tsakanin 2.58 da 2.64. Amazonait wajen 2.56 ne, gilashin kwalba wajen 2.5. Tomalin ya kai 3.06, fulorait 3.18, tofaz ya haura 3.5. Inda gwajin ke da rauni shi ne beril, wanda ke farawa daga wajen 2.67 zuwa 2.78. Tazarar ta yi kaɗan ga sikelin gida, don haka a nan siffa da na'urar ƙwararru ne za su raba gardama.

Mataki na biyar: haske ta cikin tabarau

Buɗe farin shafi a fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka, ka ɗaga tabaran nan mai kashe ƙyalli a gabanta, ka juya shi har fuskar ta yi baƙi. Sa dutsen a tsakaninsu ka riƙa juya shi a hankali. Kiristal ɗin ƙanƙara zai yi haske ya yi duhu sau huɗu a zagaye ɗaya. Gilashi da fulorait za su zauna a duhu, ko gilashin ya nuna wasu baƙaƙen layuka masu motsi. Aƙiƙ da abenturin, in haske na ratsa su, za su zauna a haske duk yadda ka juya. Idan ba ka ga canji ba, ka kwantar da dutsen ta wani gefen ka sake, saboda akwai fuska ɗaya, ta tsawon kiristal, da ba ta nuna wannan canji. Beril da tomalin su ma suna yin haske da duhun, don haka gilashi da fulorait kawai wannan gwaji ke kora.

Mataki na shida: tauri, kuma a ɗanyen dutse kaɗai

A ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, ƙanƙara tana kan 7. Farce 2.5 ne, wuƙa da gilashin taga wajen 5.5, tofaz 8, safaya 9, daimon 10. Wuƙa ba za ta karce ƙanƙara ba. In ka ga layi, shafa da yatsa mai damshi, yawanci ƙarfen wuƙar ne ya goge a kai. In wuƙa ta ci shi da gaske, to fulorait ne mai tauri 4, ko kalsait mai 3, ko safentin, ko gilashi mai laushi.

Mutane da yawa sun ɗauka duk dutsen da ya karce gilashi mai daraja ne. Ba haka ba ne, tsakuwar bakin hanya ma tana yi, amazonait ma mai tauri 6 zuwa 6.5 yana yi. A nan guntun farar ƙanƙararka zai yi amfani: zai karce amazonait, ba zai karce beril ba. Kada ka taɓa yin wannan gwaji a kan dutsen da aka goge ko fuskar kiristal mai kyau, kuma kada ka yi shi a kan kayan mutum ba da izninsa ba.

Abin da gida ba zai iya ba

Akwai ƙanƙarar da ake renonta a masana'anta cikin tukwanen ƙarfe masu zafi da matsi, a Rasha, Sin da Japan. Sinadarinta, taurinta da nauyinta duk ɗaya ne da ta ƙasa, don haka za ta tsallake duk gwajin da muka yi. Haka ma wadda aka haska da gama, wani hasken nukiliya da ido ba ya gani, ta koma kore. Abin da zai sa ka tsaya shi ne hankali: babban dutse, kore mai cika, ba tsaga ba ɗigo, kuma a farashi mai sauƙi. Araha ba ta ado. Firasiyolait ta asali launinta mai haske ne. Ka kuma yi hattara da sunayen da aka ƙirƙira don kasuwa. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka a 2018 ta sanya sunan "koren amatis" cikin sunayen da ke yaudarar mai saye, kuma abin da ake kira jed na Indiya, da aron sunan wani koren dutse mai tsada, abenturin ne kawai.

Ƙwararre zai ɗora dutsen a na'urar auna karkatar haske. Ƙanƙara tana ba da 1.544 zuwa 1.553, aƙiƙ wajen 1.53 zuwa 1.54, zumurrudu daga wajen 1.57, tomalin 1.62 zuwa 1.64. Cikin minti biyu gardamar zumurrudu ta mutu. Akwai kuma matatar haske ta Chelsea da aka ƙirƙira a Landan a 1934: ta cikinta kirisofires kore yake zama, mitorolait da abenturin kuma su yi ja-ja saboda kuromiyam.

Daga cikin wuraren gwaji na kusa da mu akwai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ɗakin binciken Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da ke Kaduna. A Jos kuma akwai tsofaffin 'yan harkar da masu yankan duwatsu. In za ka kai samfur, ka faɗa musu tun farko cewa ba ka son a niƙa shi, domin wasu gwaje-gwajen ma'adinai da gari ake yinsu. Ka tafi da ɗan ɓallin da ba ka buƙata saboda haka. Kuma kada wanda zai saya ya zama shi ne mai tantancewa.

Daraja, da yadda ake adana ta

Abenturin da aƙiƙ na yau da kullum da kilo ake sayar da ɗanyensu, kada wani ya sa maka dogon buri. Kirisofires mai kyau da giram ko karat ake cinikinsa, karat ɗaya kuwa 0.2 ne na giram, wato karat 5 ke yin giram ɗaya. Ƙanƙara mai zane kuma ɗaya-ɗaya ake yi mata kuɗi. Abin da mai saye ke dubawa shi ne tsabtar jikin da ya lulluɓe zanen, da fitowar zanen sarai, da zamansa a tsakiya, da lafiyar tsini. Tsinin da ya ɓalle ko da kaɗan ne yana karya farashi sosai. Don haka kowane kiristal a naɗe shi shi kaɗai a takarda ko tsumma, kada a zuba su cikin buhu ɗaya suna gugar juna a bayan babur. In ya fito manne da uwar dutsensa, a bar shi a haka. In kulorait ɗin a waje yake, kada a dirje shi, laushi gare shi, farce ma na iya kankare shi.

Zafi abokin gaba ne. Kirisofires yakan kwashe launi in ya daɗe a rana, haka ma firasiyolait da aka haska. Kada a bar su a gaban mota. In za ka kai zobe gyara wurin maƙerin azurfa, ka ce ya cire dutsen kafin ya sa wuta, domin ƙanƙara na tsagewa in zafi ya canza mata farat ɗaya. Da hunturu kuma, ƙurar da ke sauka akwai garin ƙanƙara a cikinta, don haka a ɗauraye dutse da ruwa kafin a goge da ƙyalle.

Masu tallar intanet suna cewa koren dutse na jawo arziki ko yana warkar da ciwon zuciya. Babu wani binciken likita da ya tabbatar da haka, kuma bai kamata mai sayarwa ya ƙara ko sisi a kan wannan magana ba. Haka kuma in ka san dutsenka rinanne ne ko gasasshe, faɗa wa mai saye wajibi ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai algus sananne ne ga kowa.

Doka da lafiyar jiki

Kundin tsarin mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun sanya duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, ko da a gonarka suke. Lasisin bincike ko na ƙaramar haƙa daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja ake samunsa, saye da ajiye ma'adinai don kasuwanci shi ma yana da takardarsa daga ma'aikatar ma'adinai, haka ma fitarwa waje. Wanda ya bi ta Jibiya ko Kongolam da kaya ba takarda, ya san abin da ya ɗauko. Batun tsaro kuma ba sai an faɗa wa Bakatsine ba: babu dutsen da ya kai a shiga dajin Batsari, Safana ko Faskari dominsa ba tare da sanin hukuma da masu gari ba.

Ƙurar ƙanƙara in ta shiga huhu ba ta fita, tana taruwa ta haifar da ciwon da ba shi da magani, kuma yana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Duk yanka, guga ko niƙa a yi shi da ruwa yana zuba, a waje, da abin rufe hanci na gaske. Kada a kawo aikin dutse cikin gida inda yara suke. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a tsakar gida ta kashe yara sama da 400, daga nan ya fara. Kada kuma a wanke dutse da ruwan batir, ba ya cire abin da ake so, sai dai ya ƙona hannu ya ci koren da ke waje.

Duk dutsen da ya tsallake gwajin nan, ka yanka 'yar takarda ka naɗe tare da shi. Rubuta garin da aka samo shi da ƙaramar hukumar, da watan da shekarar, da nauyinsa a bushe, da lambar da ya bayar a ruwa, da abin da ka gani a cikinsa. Ka ɗauki hotonsa a bushe a kan farar takarda, da rula a gefe, ɗaya da hasken rana ɗaya da tocila ta baya. Masu tara duwatsu na biyan ƙari a kan samfurin da aka san mahaƙarsa, kuma in ciniki ya kai ga aikawa Jos ko Ibadan, wannan takarda da hotunan ne za su tabbatar cewa dutsen da ka tura shi ne wanda ake magana a kai.